Alƙali Bai Gani Ba, Kai Ma Ba Ka Gani Ba?

Jiya da la'asar na tsaya kallon ƙwallon samarin unguwa, na bar filin raina a ɓace. Wani yaro ya tare ƙwallo da hannu, kowa ya gani in ban da alƙalin wasa. Da aka yi masa ca, sai ya hau rantsuwa da Allah wai bai taɓa ba, abokansa kuma suna tafa masa, wai ɗan gari ne, ya san kan wasa. Haba ƙannena! Rantsuwa a kan ƙarya saboda wasan da ko kofin roba ba a sa ba?

Ku zo in ba ku labarin Adam Gilchrist, ɗan wasan kurket na Ostireliya, wato wasan da ake jefo wa mutum ƙwallo ya buge ta da katako don tara maki. Aikinsa tsugunawa bayan wasu sanduna uku da ake kafawa a bayan mai bugu, da safar hannu, yana cafke ƙwallo. In layi ya zo kansa kuma ya ɗauki katakon bugu. A dokar wasan, in ƙwallo ta taɓa katakonka aka cafe ta kafin ta sauka ƙasa, ka fita.

A watan Maris na 2003, a Afirka ta Kudu, Ostireliya ta haɗu da Siri Lanka a wasan kusa da na ƙarshe na gasar kofin duniya. Gilchrist na da maki 22, Aravinda de Silva ya jefo, ƙwallo ta goge katakonsa ta bugi kariyar ƙafarsa ta tashi, Kumar Sangakkara ya cafe. Alƙali Rudi Koertzen ya ce bai fita ba. Wato an wanke shi ke nan, a gaban duniya. Amma shi ya san ta taɓa. Ya juya ya kama hanyar fita da ƙafarsa, ba wanda ya kore shi. Ko cikin abokan wasansa ba kowa ne abin ya yi wa daɗi ba.

To me ya rage shi? Sun ci wasan, sun ɗauki kofin, ɗaya daga cikin uku da ya ɗauka: 1999, 2003 da 2007. A wasan ƙarshe na 2007 ya zuba wa Siri Lankar nan maki 149 daga jifa 104. Manyan wasannin kwana biyar guda 96 ya buga a jere, ya tara maki 5,570, ya fitar da masu bugu sau 416 kafin ya ajiye safa a 2008. Ba kuma a sama ya tsinci abin ba: da ya rasa gurbi a ƙungiyar jiharsu, sai da ya yi ƙaura zuwa yammacin ƙasar a 1994, bai shiga irin waɗannan manyan wasanni ba sai 1999, yana dab da shekara 28.

Ku kuwa fa? Iska ta kaɗa ka, ka zube kana birgima kamar an sare ka. Ƙwallo ta fita layi a kan idonka, ka ci gaba da gudu. An kama ka dumu-dumu, ka tara abokai ku kewaye alƙali da zagi. Kun manta ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya saba musun hannun da ya taɓa ƙwallo, gobe zai musa bashin da ya ci. Ban ma taɓo cacar wasanni da ta cinye muku kuɗin kati ba, ko masu gemu cike da haɓa da ke buga gasar 'yan ƙasa da shekara 17.

Ku dai ji tsoron Allah ku gyara. A da, in dattijo a gefen fili ya ce "yaro, ka taɓa", shi ke nan, yaro ya ajiye ƙwallo ya sunkuyar da kai don kunya. Yanzu mai horarwa ne da kansa ke koya masa yadda zai faɗi a gaban raga ya riƙe ƙafa, uban kuma shi ke biyan kuɗin sabuwar takardar haihuwa.