Me leƙen taurari ya ƙari mai sikila da shi?

Duk wanda ya saba bi ta Idi-Araba da sassafe ya san irin iyayen da nake nufi. Za ka ga uwa goye da yaron da ya wuce shekarun goyo, idanunsa sun yi ruwan ɗorawa, ko uba riƙe da leda cike da katunan asibiti, sun nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ko kuma Cibiyar Sikila ta Ƙasa da ke fuskantarsa. Da yawa daga cikinsu mutanenmu ne, wasu daga cikin unguwar, wasu daga Agege ko Mile 12. A wata majalisa da ke kusa da nan, bayan sallar la'asar, hira ta kai mu ga madubin hangen nesa na James Webb, wanda aka harba sararin samaniya a ranar 25 ga Disamba 2021 bayan ya laƙume wajen dala biliyan 10. Wani dattijo mai sayar da goro, wanda jikarsa ke fama da amosanin jini, wato sikila, ya bari na gama, sannan ya ce, "Malam, na ji bayaninka. Amma masu leƙen taurarin nan, me suka ƙari jikata da shi?" Na ce, "Baba, tambayarka ta fi ƙarfin amsar tsaye, ka ba ni lokaci." Wannan rubutu shi ne cikon alkawarin.

Zan fara da cutar kanta. Iyayen masu sikila sun san cewa jariri kan zo duniya lafiya lau, sai ya kai wajen wata shida sannan hannuwa da ƙafafu su fara kumbura, kuka ya ƙi ƙarewa. Wata likitar yara a birnin New York, Janet Watson, ta lura da haka a 1948, ta kuma danganta shi da nau'in sinadarin jini da ɗan tayi ke amfani da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashe ƙwayoyin jini su koma kamar lauje, amma jiki kan daina yin sa sannu a hankali bayan haihuwa. An ɗauki shekaru 60 kafin masana su gano, a 2008, makunnin da ke kashe wannan sinadari a cikin ƙwayoyin gado. Sanin makunni daban, samun hannun da zai taɓa shi daban, kuma hannun ya fito ne daga inda babu mai tsammani. A farkon shekarun 1990 wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Alicante ta ƙasar Sifaniya, Francisco Mojica, yana nazarin wasu ƙananan halittu da ke rayuwa a tafkunan gishiri, sai ya ga wasu jerin haruffan gado suna maimaita kansu ba tare da wani dalili da aka sani ba. Ya shafe fiye da shekara goma a kansu kafin ya fahimci cewa garkuwa ce da halittun ke sare ƙwayoyin cutar da suka kawo musu hari da ita, kuma manyan mujallu da dama sun ƙi buga sakamakon kafin ya fito a 2005. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna cewa ana iya mayar da wannan garkuwa almakashin yanke ƙwayar gado a daidai wurin da aka ga dama, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2020. A Nuwamban 2023 Birtaniya ta amince da maganin Casgevy, Amurka ta bi sahu a Disamba. Ana ɗebo ƙwayoyin ɓargon mai sikila, a taɓa wancan makunni da almakashin, a mayar masa, jikinsa ya koma yin jinin da ya kare shi yana jariri.

Da a ce an tambayi majalisarmu a 1993 ko ya dace a ba wani saurayi kuɗi ya zauna yana nazarin abin da ke cikin ruwan gishiri, na tabbata da mun ce ɓarna ce.

Sai dai Baba yana da gaskiyarsa, kuma ba zan ɓoye ta ba. Kuɗin Casgevy a Amurka dala miliyan 2 da dubu 200 ne ga mutum guda, wato wajen naira biliyan 3, ban da magungunan da ake ƙona tsohon ɓargo da su, waɗanda kan iya hana haihuwa, ban da makonnin kwanciya a ɗaki na musamman. Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu wannan cuta a duniya, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita a kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da rabin gadonta. Maganin ya fito, amma an auna shi da aljihun ƙasashen da suka yi binciken, domin su suka biya kuɗin tambayar tun tana ƙarama. Mu ɗin nan da muka fi kowa buƙata mun zo a matsayin masu taya kaya bayan an gama ciniki. Ko dashen ɓargo na asali, wanda ya daɗe a duniya, sai a 2024 aka fara yin sa a asibitin Idi-Araba tare da haɗin gwiwar Gidauniyar Sikila ta Nijeriya, kuma shi ma ba kowane gida ne zai iya ɗaukar nauyinsa ba.

Abin da ya fi kusa da jikar Baba ya fito ne daga Kano da Kaduna. Ɗaya daga cikin mafi munin abin da sikila ke yi wa yara shi ne shanyewar ɓarin jiki tun suna firamare. A ƙasashe masu arziki, idan aka gano yaro na cikin haɗari, ƙarin jini ake yi masa wata-wata, abin da duk wanda ya taɓa neman leda ɗaya ta jini a asibitocinmu ya san ba mai ɗorewa ba ne. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da takwarorinsu, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada ƙwayar hydroxyurea a kan yara 220 masu irin wannan haɗari, suka kwatanta ƙaramin awo da matsakaici, sakamakon ya fito a 2022 yana nuna cewa ƙwayar da ake haɗiya a gida tana iya tsare yaro daga shanyewar jiki. Tambaya ce da ba ta matsa wa mutanen London ko Boston kamar yadda ta matsa mana ba, domin su ba su rasa jini kamar mu ba. Sai da namu suka yi ta da kansu.

To, ta yaya likitocin suka san yaron da ke cikin haɗari? A nan ne amsar Baba take. Ana ɗora wata ƙaramar na'ura a gefen kan yaro, daidai saitin kunne, ta aika sautin da kunne ba ya ji zuwa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sautin ya bugi jinin da ke gudu ya dawo, daga canjin muryarsa a gane saurin gudun jinin. Idan gudun ya yi yawa, jijiya ta fara tsukewa ke nan. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da layin dogo a Agege ya san wannan canji da kunnensa, domin ƙahon jirgi kan yi siriri yana tahowa, ya yi kauri da zarar ya wuce. Mutumin da ya fara bayyana ƙa'idar, Christian Doppler, ya gabatar da ita ne a birnin Prague a 1842, kuma abin da yake ƙoƙarin fahimta a lokacin shi ne launin hasken tagwayen taurari. Bai san sikila ba, cutar ma ba a bayyana ta a littattafan likitancin Turawa ba sai a 1910.

Irin wannan awo na rinewar haske shi ne har yau masana sararin samaniya ke amfani da shi. Hasken abin da ke nisantar mu kan karkata zuwa ja, kuma da haka aka auna a 2024 cewa wani gungun taurari da madubin Webb ya hango ya wanzu tun duniyar sammai tana da shekara kusan miliyan 290 kacal, daga cikin shekaru biliyan 13.8 da aka ƙiyasta mata. Ya fi haske da girma a kan abin da lissafin masana ya yi hasashe, don haka ana sake duba yadda taurarin farko suka taru. A jihar Arizona kuma akwai na'urar DESI mai idanu 5,000, wadda a Maris 2025 ta fitar da awon gungun taurari da makamantansu kusan miliyan 15, awon da ke nuni da cewa ƙarfin nan da ba a san asalinsa ba, mai ingiza sammai suna ƙara buɗewa, wataƙila yana raguwa da tafiyar zamani. Abin da ya fi burge ni shi ne masu binciken da kansu suka ce hujjar ba ta kai matakin da za a kira ta tabbas ba tukuna. A 2023 an yi ta yayata cewa wasu masu bincike a Koriya ta Kudu sun samo wani sinadari mai wuce da lantarki ba tare da asara ba a zafin ɗaki, amma cikin 'yan makonni ɗakunan gwaji a ƙasashe daban-daban suka maimaita aikin, suka nuna ba haka ba ne. Al'ummar da ake tura mata "maganin sikila sadidan" a WhatsApp kowane mako tana buƙatar mutanen da aka horar da wannan ɗabi'a ta cewa a kawo hujja a sake gwadawa, kuma a ɗakin bincike ake koyon ta.

Haka batun haɗe ƙwayoyin zarra yake, wato hanyar da rana ke samar da zafinta. A Disamban 2022 wani ɗakin gwaji a California ya samu makamashin da ya ɗara wanda hasken laser ya zuba wa ɗan ƙwayar man gwajin, 3.15 a kan 2.05 a ma'aunin megajul. Nasara ce ta gaske, amma wutar da aka ja don kunna na'urorin ta ninka abin da aka samu kusan sau ɗari, saboda haka kada mai janareto a Obalende ya sa rai tukuna.

Lissafi ne ya fi ba ni takaici, domin shi ne ƙofar da ta fi arha, kuma muna da gado a cikinsa. Duk lokacin da mai tumatir a Mile 12 ya zura katin ciniki a na'urar POS, abin da ke tsare kuɗinsa ya dogara da wata dabara ta 1977 da aka gina a kan cewa ninka manyan lambobi biyu marasa rabuwa abu ne mai sauƙi, amma warware su daga sakamakon kan gagari kwamfuta. Tushen dabarar ayyukan masana lissafi Fermat da Euler ne na ƙarni na 17 da na 18, waɗanda suka yi su don sha'awar lambobi kawai. A zamanin Euler ɗin ne wani malami daga Katsina, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake tsara hatimin lambobi wanda kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya, kuma a Alƙahira ya rasu a 1741 yana malamin da ake girmamawa. A Maris 2023 aka sanar cewa wani Bature ɗan fansho da ya yi aikin ɗab'i, David Smith, ya samo wata siffa mai kusurwa 13 da ake iya shimfiɗa ta a rufe daɓe ba tare da zanen ya taɓa maimaita kansa ba, matsalar da ta gagari ƙwararru shekaru da dama. Da kwali da almakashi da wata manhaja ya fara, kafin masana uku su taya shi kafa hujja. Babu abin da ya yi amfani da shi wanda yaron sakandare a Agege ba zai iya samu ba, in dai akwai malamin da zai nuna masa cewa irin wannan tambaya tana da daraja.

A garin nan na Legas ne shugabannin Afirka suka taru a Afrilun 1980 suka amince da wani tsari da ya nemi kowace ƙasa ta kai ga ware kashi ɗaya cikin ɗari na arzikinta ga kimiyya da fasaha. Fiye da shekara 40 ke nan, Nijeriya ko rabin haka ba ta kai ba, kuma a 2022 jami'o'in gwamnati sun shafe wata takwas a rufe saboda yajin aiki. Gwajin da ke buƙatar a duba shi kullum ba ya jiran a sasanta. Wannan nauyin hukuma ne, kuma ya kamata a ci gaba da matsa mata.

Amma akwai namu kason, mu Hausawan Legas. A cikinmu akwai masu tireloli da manyan dillalan shanu da 'yan canji da ke biya wa mutane kujerun Makka duk shekara, suna gina masallatai, Allah ya saka musu. Ban ga abin da zai hana ƙungiyar 'yan kasuwa ɗaya a Agege ko Alaba Rago ta kafa waƙafi da zai ɗauki nauyin ɗalibai biyu ko uku masu digiri na uku a fannin jini ko lissafi ko kimiyyar fizik ba, a Jami'ar Legas da ke Akoka ko a Jami'ar Bayero, da sharaɗin su riƙa zuwa suna yi wa jama'a bayanin aikinsu da Hausa. Haka kuma ya kamata iyaye su daina ɗaukar cewa yaron da jami'a ta ba lissafi ko fizik ya faɗi ne, wai don bai samu likitanci ko lauya ba. Na ga yarinyar da aka sa ta sake zana jarrabawar shiga jami'a har sau biyu saboda wannan tunani, alhali lissafin take so kuma ta iya shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda zai rage wa maganin gyaran gado tsada har ya iso asibitocinmu sai an fara horar da shi shekara goma ko ashirin kafin a buƙace shi.

Da na koma majalisa na ba Baba labarin Doppler da ƙahon jirgin Agege, bai ce na gamsar da shi kan dala biliyan 10 ba, ni ma ban matsa ba. Abin da ya tambaya shi ne, "Malam, wannan awon kan, ana yin sa a nan?" Na ce, "Ana yi, Baba, a cibiyar nan da ke kallon asibiti, ga yara daga shekara 2 zuwa 16, kuma so ake a maimaita duk shekara." Jikar tasa shekararta bakwai, ba a taɓa yi mata ba. Ya ce zai gaya wa uwarta su je ranar Litinin.