Guntun fata ba shara ba ne

A nan Ingila, a yankin Kent, akwai wani ƙaramin kamfani mai suna Elvis & Kresse. Tun 2005 suke karɓar tsofaffin mesar 'yan kwana-kwana na Landan, waɗanda a da binne su ake yi, su wanke su tas, su ɗinka jaka da bel. A 2017 kuma suka ƙulla yarjejeniyar shekara 5 da gidauniyar Burberry, kamfanin tufafi da jakunkuna, a kan guntayen fata aƙalla tan 120, irin waɗanda ke zubewa ƙasa idan an gama yanka. Sai su daidaita guntayen ƙanana-ƙanana, su sarƙa su da hannu kamar saƙar tabarma, har su zama shimfiɗa guda da za a fitar da jaka ko dardumar ɗaki.

Wanda ya tashi a Kano ba zai riƙe baki ba. Badukun gida ya daɗe yana haɗa timtim da guntaye, ja a nan, kore a can, ba ya bari ko ɗan yatsa ya salwanta. Guga daga robar taya, tukunya daga narkakken alminiyam, duk aikin hannunmu ne. Basira dai Allah ya ba mu.

Inda suka yi mana fintinkau shi ne tsari, kuma abin yana ci mini rai. Guntun nan tun a masana'anta ake ware shi, a busasshe, da tsabtarsa, kuma mai sana'a ya san zai samu wata mai zuwa, don haka yana iya karɓar oda da ƙarfin gwiwa. A wajenmu sau da yawa sai kaya sun kai bola, sun sha ruwa da ƙasa, sannan ɗan bola jari ya tono. Me zai fito daga nan in ba kayan arha ba? Mu masu saye ma muna da laifi: da an ce ragowa ce, sai mu taya da wulaƙanci.

Ga masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa, ga masu takalmi a Ƙofar Wambai, duk gari ɗaya. Ya kamata ƙungiyar dukawa ta zauna da masu masana'anta a rubuta: a ware guntaye bisa launi da kauri, a auna a kilo, a tsayar da farashi da ranar ɗauka.