Na'ura ta ce ba ta san ni ba

Ranar Talatar da ta gabata, ina idar da sallar asuba na bar Agege a Legas, na hau motar haya ta danfo biyu domin in kai kaina wurin tantance 'yan fansho, wato in je in tabbatar wa hukuma cewa har yanzu ina numfashi. Shekara 35 na yi cikin kaki kafin in ajiye aiki da muƙamin samanja, kuma ina cikin dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, da aka tura Laberiya a 1990, inda ɓarɓashin bam ya ɗauke mini fatar babban yatsa.

Sai bayan azahar layi ya iso kaina. Yaron da ke kan tebur Bahaushe ne, sa'ar autana, har na ji daɗi a raina na ce na faɗa hannun na gida. Na yi masa sallama, ya amsa idonsa na kan waya. Na ɗora yatsa a kan na'ura sau uku, ta ƙi karɓa.

Ya ce, "Baba, na'ura ba ta san ka ba."

Na ce, "Ɗana, rauni ne na fagen daga, ga katina, ga takardar sallama, ga kuma fuskata."

Ya ture takardun da bayan biro kamar wanda aka miƙa wa ƙazanta, sannan ya ce, "Kowa haka yake faɗa. Ka dawo Alhamis, ko ka kawo shaidar cewa kai ne."

Shaidar cewa ni ne! Lokacin da aka loda mu a jirgin ruwa zuwa Monrobiya babu wanda ya nemi wannan shaida, yatsan ma lafiyarsa ƙalau da ake bukatarsa a kan kunamar bindiga. Ashe sai da aka zo biyan haƙƙi ya zama abin tuhuma.

Ban ga laifin yaron sosai ba, domin abin da ya ga manya suna yi ya kwaikwaya. Kowace 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojojin da suka kwanta dama, shugabanni sukan yi ado, su ajiye furanni, su saki tantabaru, su kira mu 'yan mazan jiya, ta yiwu saboda matattu ba sa neman garatuti. Masu ran kuwa sai sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja, da furfurarsu da sandunansu, kafin a tuna da bashin da suke bi. Mu da muka ga yaƙi da idonmu mun fi kowa roƙon zaman lafiya, shi ya sa ba ma ɗaukar komai sai kwalaye, amma gwamnati ta mayar da haƙurinmu rauni. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, kuɗin mota da na maganin hawan jini suke cinye abin da ake jefo mana.

Na riga na ranci kuɗin motar Alhamis wurin mai shayin unguwarmu, yatsan kuwa shi ne dai wanda na dawo da shi daga Laberiya.