Tsohuwar da ta ce min "barok" a kasuwar Vigan

Ranar Asabar na shiga kasuwa a nan Vigan ta ƙasar Filifin neman ganye, don wallahi na gaji da shinkafa safe, rana, dare. Ɓangaren masu kifi ruwa na ta gudu a ƙasa, ga warin bagoong ya cika wurin, wani kifi ne da suke tsumawa cikin gishiri wata da watanni, shi ne daddawarsu. Can ƙurya na hango wata tsohuwa ta ɗaure kai da ƙyalle ta baza ganyenta a faifai, ina matsawa sai ga lalo. Lalo dai namu na miya, su saluyot suke ce masa, kusa da shi kuma zogale, marunggay a bakinsu. Na tattaro ɗan yaren Ilokano da na tsinta na ce "sagmamano daytoy, nana?", wato nawa ne wannan inna. Ta ɗago ta kalle ni ta yi dariya, ta faɗi kuɗin ta ƙara da "barok". Na biya, ta ɗora min ɗauri guda gyara, ta dafa hannuna.

Barok shi ne yadda uwa ke kiran ɗanta da ya zama saurayi. Na fito kasuwar nan idona ya ciko.

Shekara 4 na yi a Voronezh ta ƙasar Rasha kafin turo kuɗin makaranta ya zama tashin hankali bayan 2022, na haɗa kayana na dawo Filifin. A duk shekarun nan abin da mai kanti ko mai karɓar kuɗin mota ke kirana da shi "molodoy chelovek" ne, ma'ana matashin mutum, kuma da fuskar nan tasu da ba ka sanin fushi ake ko lafiya lau. Ba zan yi musu ƙarya ba, akwai wata tsohuwa a benenmu da take ce min "synok", ɗana, har ta taɓa ba ni safar ulu da sanyi ya tsananta. Amma ita kaɗai ce, a shekara 4.

Shi kansa Rashancin sai da na ba shi shekara guda cur a ajin share fage da suke kira podfak, ba ka karanta komai sai yare. Haruffa 33, wasu sun yi kama da na boko amma su yaudare ka, abin da ka gani kamar P ashe R ne, H kuma N. Sai abin da suke kira padezh guda 6, suna ɗaya ya dinga sauya wutsiya gwargwadon aikinsa a jimla, Moskva ce amma in za ka je can Moskvu, in kana cikinta Moskve, in daga can ka fito Moskvy. Kuma ba ka isa ka ce "zan tafi" kawai ba sai ka bayyana da ƙafa ne ko a mota, yanzu kake kan hanya ko kullum kake zuwa, kowanne da kalmarsa. Yare ne mai tsari kamar soja, in ka kuskure wutsiya ɗaya take za a gyara maka ko a layin burodi kake.

Ilokano ma ba wai ruwa ne a sha ba, aikatau suke farawa da shi, suna manna masa ƙananan gaɓoɓi gaba da tsakiya da baya har ka rasa asalin kalmar. Amma ku ji abin da ya kama min zuciya. "Mu" ɗinsu kala uku ne. Dakami, mu ban da kai. Datayo, mu har da kai. Data, ni da kai mu biyu. To duk sanda na wuce masu gidan da nake haya suna cin abinci sai na ji "mangantayon", mu ci, kuma da "mu" ɗin da ya haɗa da ni suke faɗa. Bismillah ɗinmu ce sak. Ba su da shi da ita, isuna ne kowa, amma kada ka kuskura ka kira wanda ya girme ka da gatsal, manong ne ko manang, yaya kenan, ƙarami kuma ading. Direban keke mai babur ma manong ne. Rashanci fa brat da sestra kawai gare shi, ɗan'uwa da 'yar'uwa, sai ka ƙara babba ko ƙarami in ka ga dama, girmamawarsu tana cikin "vy", wato ce wa mutum ɗaya "ku", da kiran malami da sunansa haɗe da na babansa. Girmamawa ce, na yarda, amma irin ta ofis.

Inda Rashawa suka burge ni kam ba zan ɓoye ba, ba sa jin kunyar harshensu ko misƙala. Likitanci, injiniyanci, shari'a, duk da shi suke yi, yana cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ilokano kuwa yana cikin harsunan da suka fi yawan masu magana a Filifin tare da su Tagalog da Cebuano, yana da mujallarsa Bannawag tun 1934, lardin La Union ya mai da shi harshen hukuma a 2012, har Hawai ya kai ta dalilin ma'aikatan gonakin rake da suka fara zuwa a 1906, amma duk da haka a aji Turanci ne, a talabijin Tagalog, kuma a 2024 aka yi dokar da ta janye wajabcin koyar da ƙananan yara da harshen uwa. Da kunnena nake jin matar mai gidanmu tana yi wa mijinta Ilokano, ta juya ta yi wa jikarta Tagalog. Abin yana min ciwo kamar yarena ne.

Ko da yake ai kusan yaren nawa ne. Daren nan na kaɗa lalon, babu daddawa babu kanwa, na kira gida ta WhatsApp don Inna ta ga miyar. Yayata ta miƙa wa ɗanta wayar, yaro ɗan shekara 7 haifaffen Kano, ya gaishe ni da Turanci tiryan-tiryan, ko "ina wuni kawu" babu, uwar tana gefe tana murmushin jin daɗi wai a makarantarsu an hana Hausa. Na ce masa "ce kawu". Ya kalli uwarsa. Sai can na ji muryar Inna daga tsakar gida tana cewa "ku ba ni ɗan nan in ji ko yana cin abinci", na kasa magana na ɗan lokaci, miyar tana ta huce a gabana.