Baƙar giyar da ta kwana a gangar hayaki

Tun da fari, 'yan'uwana Musulmi da ke wannan shafi, kuma ku ne mafi yawa: na san matsayin giya a wurinku, ba kuma talla na zo yi ba. Wanda ya ga zai wuce ya wuce lafiya, ma haɗu gobe a maganar ƙwallo. Ni ɗan Filato ne, a gindin tukunyar burukutun kakata na yi rarrafe, yau shekarata shida a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan. Maganar harshe da hanci ce ta kawo ni.

Ranar Asabar wani abokin aikina ya kawo mini kwalba biyu yana ta rawar jiki, sai ka ce amarya ya rako. Sitawut ce mai nauyi, wato baƙar giya dangin Guinness, ƙarfinta kashi 12 cikin ɗari, an zuba ta a gangar katako ta yi watanni, gangar kuma a da wiski mai hayaki ne ya zauna a cikinta. Ba zan kama sunan masu yin ta ba. Kuɗin kwalba ɗaya na fara juya shi zuwa naira, sai na bari don kada jinina ya hau.

Da na tsiyaya, baƙa ƙirin ta sauko, da kauri, kamar baƙin man da bakanike ya juye daga inji. Kumfa 'yar kaɗan ta taso ta kwanta. Na kai hanci, sai ga ni a asibitin mishan ina ɗan shekara bakwai: Izal, bandeji, ɗakin allura. Bayan wannan kuma warin murhun da ruwan sama ya kashe. Kurɓar farko ba laifi, gaskiya. Zaƙi mai nauyi kamar mazarƙwailar da ta kama a gindin tukunya, ɗacin gahawa, wani abu kamar busasshen dabino. Amma duk wannan bai wuce ƙiftawar ido ba, hayaki ya banko ƙofa ya kori kowa. Na yi awa guda ina jin kamar na lashi kwalta.

Abokina yana kallon fuskata yana jiran yabo. Na ce masa giya mai kyau ce aka yi wa auren dole.

Hayakin nan daga wani tsibiri yake, a yammacin Sikotlan, suna rubuta shi Islay amma a baki Aila suke cewa. Mutanensa ba su fi dubu uku da 'yan kai ba, amma wiskinsu ya zaga duniya: Laphroaig da Ardbeg tun 1815, Lagavulin tun 1816. Yadda suke fara aikin kakata ta san shi sarai. A jiƙa hatsi, a bar shi ya yi tsiro, a busar. Ita dawa take jiƙawa, su sha'ir. Bambancin shi ne ita tana da rana. Tabarma kawai za ta shimfiɗa a tsakar gida, ta sa mu korar kaji. Su kuwa rana sai an yi sa'a, itatuwa ma ba su da yawa a tsibirin, sai suka koma ga abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu: wata baƙar lakar fadama da suke kira pit, ruɓaɓɓun ciyayi da gansakuka ne da suka danne juna shekaru dubbai, a shekara kusan milimita ɗaya take ƙaruwa. Su yanka ta kamar tubali, su jera ta sha iska, su hura a ƙarƙashin tsiron. Wutar talaka ce, kamar yadda ake hura busasshen kashin shanu a inda babu icce. Warin da a da ke manne wa rigar manomi yau shi ake sa wa kwali mai ruwan zinariya.

Har awo suke yi masa. Sinadaran da hayakin ke bari a jikin hatsi 'yan gida ɗaya ne da waɗanda ke cikin magungunan wanke asibiti, don haka hancina bai yi ƙarya ba. Tsiron Ardbeg yana ɗauke da kusan kashi 55 cikin miliyan, akwai kuma na wani wiski mai suna Octomore da ya taɓa kai 309. Dokarsu ta ce wiski sai ya yi aƙalla shekara uku a gangar icen ok, da yawa suna yin goma ko fiye. To ka tuna katako ya shekara goma yana tsotsar wannan abu. An juye wiskin, amma gangar ba ta manta ba. Duk abin da ka zuba daga baya, za ta amayar masa.

Ita kuma sitawut mai nauyi ba yarinya ba ce. Tun ƙarni na 18 masu dafa giya a Landan ke yin ta da ƙarfi suna aikawa Rasha, har fadar sarauniya Katarina. Baƙinta daga gasasshen sha'ir yake, wanda aka gasa har ya kusa zama gawayi. Ke nan tun daga gida da ƙaurinta ta zo. Da Amurkawa suka fara zuba irinta a gangar wiskinsu na masara a Shikago cikin shekarun 1990, abin ya yi armashi, domin waccan ganga zaƙi take bayarwa, ƙamshin fanila da kwakwa, sai ta lallashi ɗacin. Mace mai zafi ta samu miji mai sanyi. Amma ka ɗauki mai ƙauri ka haɗa da mai hayaki, wa zai saurara wa wani? Ƙauri kan ƙauri. Ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Na san abin da masu son ta za su ce, don abokina ya faɗa mini: bakinka ne bai saba ba. Wannan magana ce ta fi ba ni haushi. Ni za a koya wa hayaki? Mu da muke cin kifin banda, muke turara randa kafin a zuba ruwa, mu da in an yi shinkafar biki ba ta kama ba muke cewa ba ta yi ba? Sai dai duk mai banda ya san iyaka. Kifin da ya sha hayaki daidai, ka ci kifi ka ji hayaki a bayansa. Wanda ya wuce misali, ka ci hayaki ka nemi kifi ka rasa, uwar gida ma ba za ta sa shi a miya ba. Baƙar giya ma ba baƙuwarmu ba ce. Guinness ta gina masana'antarta a Ikeja tun 1962, kuma da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a ƙarshen shekarun 1980, dawar manomanmu aka koma wa. Tamu kashi 7.5 ce, ta fi wadda ake tsiyayawa a mashayun Dabilin, garin da Guinness ta samo asali, ƙarfi nesa ba kusa ba. Saboda haka kada a ce mini ɗaci nake tsoro.

Kuma ba cewa na yi haɗin ba ya yiwuwa ba. Akwai wata da ake yi a nan Sikotlan, Ola Dubh, wato baƙin mai a harshensu na gargajiya. A gangunan Highland Park ake ajiye ta, wiskin tsibiran Orkney, wanda hayakinsa mai laushi ne. Ita kam na sha na ji daɗi. Hayakin yana can baya kamar ƙamshin girkin maƙwabta da yamma, ka ji shi, amma bai hana ka jin abin da ke gabanka ba. Wanda ya yi ta ya san inda zai tsaya. Abin da nake zargi a kan sauran shi ne gasa. Kowa so yake a ce tasa ta fi hayaki, ta fi ƙarfi, ta fi baƙi, mai saye kuma ya riga ya biya kuɗi masu yawa, kunya ba za ta bar shi ya ce bai ji daɗi ba. Sai ya runtse ido ya haɗiye, ya ce akwai zurfi.

Na kira yayana a Jos na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ƙanena, da Kaka ce ta dafa wadda ta yi wannan ƙauri, aladu za ta juye wa, kai kuma ga ka can kana wanke kofi na musamman." Na ce, "Yaya, ai kofin ma sau biyu na wanke shi, har yanzu warin asibiti yake yi."

Kwalba ta biyu tana nan a saman firji. Ina tunanin ranar Lahadi in zuba rabin kofi a farfesun jelar sa, in ga ko albasa da citta za su iya da ita.