Mai zane, wa ke yi maka ciniki?

Akwai wata magana da ta daɗe tana cutar da masu zane, kuma abin takaicin shi ne mu da bakinmu muke yaɗa ta. Wai aiki mai kyau shi ke sayar da kansa. Wai kai dai ka dage ka ƙware, wata rana duniya za ta neme ka har inda kake. Ni kam ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Maganar nan ta raba mutane da yawa da sana'arsu, mutanen da Allah ya yi wa baiwa a hannu amma suka jingine buroshi saboda ba ya ciyar da su. Duk zanen da ka ga an saya, akwai wanda ya nuna shi, ya yi bayaninsa, ya faɗi kuɗinsa, ya kuma bi sawun mai saye har aka biya.

Da ka faɗi haka sai a jawo maka labarin Vincent van Gogh, a ce ai ga shi nan, ya mutu a talauce amma daga baya aka san darajarsa. To mu bi labarin a hankali. Mutumin nan ɗan ƙasar Holan, shekara goma kacal ya yi yana zane, ya bar zanen fenti sama da 800, ya mutu a 1890. Kaɗan ƙwarai ya sayar lokacin da yake raye. Wanda aka fi sani shi ne zanen gonar inabi da aka saya faran 400 a Brussels, 'yan watanni kafin mutuwarsa. Ƙanensa Theo, wanda dillalin zane ne a Paris kuma shi ke ɗaukar nauyinsa, ya bi shi bayan wata shida. Aka bar matar Theo, Johanna, da jariri a hannu da ɗaruruwan zanukan da ba mai tayawa. Matar nan ta shafe sama da shekara talatin a kan aiki ɗaya. Tana rubuta wa masu sharhi wasiƙu, tana ba da aron zanuka ga wuraren baje koli, tana sayarwa da kaɗan-kaɗan, ba ta zube su a kasuwa lokaci guda ba. A 1905 ta shirya gagarumin baje koli a gidan tarihi na Stedelijk da ke Amsterdam. A 1914 ta buga wasiƙun da Vincent ya rubuta wa Theo, mutane suka san mutumin da ke bayan zanen. A 1924 ta sayar wa gidan adana zane na National Gallery da ke Landan ɗaya daga cikin shahararrun zanukan furanninsa.

Ashe ke nan Johanna ce ta yi cinikin. Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, wa ke yi muku wannan aikin? Mafi yawanmu ba mu da kowa. To dole mu yi da kanmu, kuma mu daina jin kunyarsa.

Kada wani ya ce maganar kuɗi tana zubar wa fasaha daraja. Albrecht Dürer na birnin Nuremberg a Jamus, wanda har gobe ake koyon zane daga aikinsa, shekara 500 da suka wuce matarsa Agnes ce ke kai zanukansa da aka buga a takarda kasuwanni, har Frankfurt. A 1509 ya rubuta wa wani attajiri Jakob Heller cewa babban zanen da ya yi masa ya cinye lokaci da kayan aiki fiye da jingar da aka yi, kuma da bugun takarda ya tsaya a kai da ya fi samun riba. Bai yi shiru ba sai da aka ƙara masa kuɗi. Gwani ne, kuma ya san lissafinsa.

Inda muka fi faɗuwa shi ne wajen yanka farashi. A tambayi mai zane "nawa ne wannan?" sai ya fara sosa ƙeya, ya ce "ai ba komai, ka ba da abin da ya sauwaƙa". Daga wannan lokacin ciniki ya fita daga hannunsa. Mai saye ba mugu ba ne, amma idan kai mai kaya ba ka san kuɗin kayanka ba, shi ina zai sani? Zai ba da abin da ya ga dama, ka karɓa kana murmushi, ka koma ɗaki kana cizon yatsa.

Farashi a gida ake yanka shi, da biro da takarda, tun kafin kowa ya tambaya. Ka lissafa kanbas (ƙyallen da ake zane a kai), fenti, buroshin da ke cinyewa, firam, kuɗin ɗakin da kake aiki, wuta, kwalin da za ka naɗe zanen da kuɗin aikawa. Sannan ka sa awoyin da ka zauna a kai, domin lokacinka ba kyauta ba ne. Abin da ya fito shi ne ƙasa, ba a sauka daga nan. Masu zane da yawa daga nan sai su koma lissafi da girma: tsawo sau faɗi, sau wani adadi guda da suka tsayar wa kansu. Amfanin wannan shi ne zanuka biyu masu girma ɗaya kuɗinsu ɗaya ne, ko da ɗaya ya fi kwanta maka a rai. Son da kake yi wa zane ba ya shiga lissafi. Idan ba ka iya rabuwa da shi, ka ajiye abinka, ka ce ba na sayarwa ba ne.

Abin da na fi so a riƙe shi ne wannan: kada farashinka ya bi irin motar da mai saye ya zo da ita. Masu sayen zane sun san juna, kuma suna hira. Ranar da wanda ya biya da yawa ya ji cewa wani ya samu irinsa a rabin kuɗin, ka rasa shi har abada, ka rasa duk wanda zai kawo maka. Haka kuma kada ka karya farashi don ka matsu. Araha ba ta ado, kuma duk wanda ya saya a baya ka rage wa kayansa daraja ke nan. Idan mutum yana son aikinka amma ƙarfinsa bai kai ba, ka nuna masa ƙaramin zane, ko bugun takarda mai lamba da sa hannunka, ko ku shirya ya biya kashi-kashi. Ƙarin farashi kuwa a hankali ake yinsa, lokacin da ka ga ana saye fiye da yadda hannunka ke iya samarwa.

Za a ce maka "wannan da ka zana cikin kwana biyu?" A 1878 an yi wa mai zane James Whistler irin wannan tambayar a wata kotu a Landan, lokacin da ya kai ƙarar mai sharhi John Ruskin. Lauya ya tambaye shi ko aikin kwana biyu ne yake neman gini 200 (tsohon kuɗin Ingila) a kai. Ya amsa cewa a'a, kuɗin ilimin da ya tara tsawon rayuwarsa yake nema. Wannan amsar ta isa kowane mai zane. Shari'ar kanta dai kada a yi koyi da ita, domin ya yi nasara amma diyyar da aka ba shi ba ta kai kwabo ba, kuma shekara ta zagayo ya karye.

Sai aikin da aka sa ka. Nan ne zumunci ke ɓaci. Mutum ya turo hoton mahaifiyarsa ya ce a zana. Ka sayi kaya da kuɗinka, ka yi mako uku kana fama, ka tura masa hoto. Ya ce hancin ya ɗan yi faɗi. Ka gyara. Ya ce yayarsa ta gani ta ce a sauya kalar rigar. Ka gyara. Sai kuma a ce a saka jikanta a gefe. Daga nan waya ta daina shiga, ka zauna da fuskar tsohuwar da ba wanda zai saya sai 'ya'yanta. Maganin wannan tun a farko yake. Ka karɓi kafin alƙalami, rabi ko aƙalla sulusi, kuma ka faɗa ƙarara cewa ba a mayarwa idan an fara aiki. Ka rubuta girman zanen, ranar gamawa, gyara sau nawa ke cikin kuɗin, da wanda zai biya aikawa. Ko a saƙon waya ne, ya amsa da "na yarda". Ka nuna masa zanen fensir ya amince kafin ka taɓa fenti. Kuma zane ba ya barin hannunka sai cikon kuɗi ya shigo. Mai niyyar biya ba ya jin haushin wannan, hasali ma hankalinsa ya fi kwanciya.

Masu cewa ka yi musu kyauta za su tallata ka kuwa, ka tambaye su a ina, ga su wa, kuma yaushe. Idan babu amsa, babu aiki.

Wani abin da da yawa ba su sani ba: wanda ya sayi zanenka ya mallaki kanbas ɗin, amma a dokokin yawancin ƙasashe haƙƙin kwafarsa yana nan a hannunka sai idan ka sallama a rubuce. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda kusan duk ƙasashen duniya suka shiga, ta ba ka wannan haƙƙin daga lokacin da ka yi aikin ba tare da rajista ba, kuma yana ɗorewa aƙalla shekara 50 bayan mutuwarka. Saboda haka idan kamfani yana son buga zanenka a riga ko kalanda ko bangon littafi, wannan wani ciniki ne daban mai kuɗinsa daban, kuma a fayyace kwafi nawa, na tsawon wane lokaci. Ka sa wannan a rasit ɗinka da layi ɗaya. Akwai ma ƙasashen da ke ba mai zane wani kaso duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa a gwanjo. Faransa ta fara a 1920, Birtaniya ta bi a 2006. Amurka har yanzu ba ta da dokar tarayya a kan haka, kuma a can ne a 1973 Robert Rauschenberg ya ga zanen da ya sayar dala 900 an yi gwanjonsa dala 85,000 a New York, bai samu ko sisi ba.

Gidajen baje kolin zane sukan ɗauki la'ada kusan rabin kuɗin, kuma ban ga laifin hakan ba idan da gaske suna kawo masu saye da kai ba za ka kai gare su ba. Abin da ba ya kyautuwa shi ne su baje aikinka, sannan ka zagaya ta baya ka sayar wa mutuminsu da rangwame. Cin amana ne. Kai ma ka kare kanka: duk zanen da ka ajiye a wurinsu a rubuta sunansa da farashinsa da ranar da za a biya ka, kowa ya sa hannu.

Shafukan sada zumunta suna da amfani, amma yawan masu danna "so" ba ciniki ba ne. Ka ɗauki hoton zanen da rana, kusa da taga, ka kashe fitilar wayar, ka tsaya saitinsa sosai don kada gefuna su karkace. Ka ƙara hoto ɗaya na kusa wanda ke nuna sawun buroshi, da ɗaya yana rataye a bango don a gane girmansa. Ka rubuta awonsa da abin da aka zana shi da shi, kuma ka faɗi farashi. Mutane da yawa suna jin nauyin tambaya, sai su wuce.

Shafin nan kuma ba naka ba ne. Google ya rufe Google+ a 2019, duk wanda ya tara mabiya a can suka watse. Abin da yake naka shi ne littafin da kake rubuta duk wanda ya taɓa saye ko ya taya: sunansa, lambarsa da izininsa, wane zane ya ɗauka, nawa ya biya, yaushe. Kowane zane ka ba shi lamba, ka rubuta ta a bayansa tare da sunanka da shekara, ka ajiye hotonsa mai kyau kafin ya tafi. Idan ka gama sababbin ayyuka, mutanen cikin littafin nan su ne za su fara gani, kwana biyu ko uku kafin ka saka a shafi, kowa da saƙonsa da sunansa, ka kuma tambaye shi ko wancan na farkon yana nan lafiya a inda ya rataye shi.