Ƙannena masu talla a waya, ku ba ni aron kunnuwanku

Ana saura kwana shida ƙaramar Sallah wata baiwar Allah ta shigo shagona a Ƙofar Ƙaura riƙe da leda. Ta zazzage ta a kan tebur, ta ajiye wayarta a gefe, ta ce, "Malam, don Allah duba mini, wannan da wannan abu ɗaya ne?" A waya leshi ne ruwan zuma, duwatsun jikinsa sai ƙyalli suke. A kan tebur kuwa wani yadi ne shara-shara, launinsa a koɗe, in ka ɗaga shi sai ka hango wanda ke tsaye bayansa. Kuɗin adashinta ta tura. Da ta kira aka ce mata hasken kyamara ne, da ta sake kira aka toshe lambarta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mai kayan 'yar cikin garin nan ce. Na san mahaifinta, sahu ɗaya muke tsayawa da Asuba.

Tun ranar nake son in yi muku wannan magana. Kada wani ya ɗauka ina ƙyamar talla a waya, don ni kaina yawancin sababbin kwastomomina ta sitatus ɗin WhatsApp suke zuwa. Talla kuma gadonmu ce: mun taso mun ga dillaliya tana shiga gida-gida da ƙunshin atamfa, mun ga 'yan mata da faranti a ka. Sai dai dillaliya tana kwance ƙunshinta a taɓa, a murza, a kai bakin ƙofa a duba a hasken rana. Wanda ke saye a waya ba shi da komai a hannu sai hotonka da maganarka. Ya rufe ido ya miƙa maka wuyansa ke nan.

A Sahihu Muslim an ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannu ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. To ku gaya mini, wanda ya sa filta ya mayar da koɗaɗɗen yadi sabo, ko ya sato hoton kek daga shafin wata a Dubai ya ce aikin hannunsa ne, me ya raba shi da mai tsibin nan? Gara ma mai tsibin, shi ana iya cusa hannu a kayansa.

Akwai wani abu da ya zama ruwan dare har an daina ganin muninsa. Ka saka kaya, ka bi abokai ɗaya bayan ɗaya kana cewa su shiga su rubuta "Masha Allah, nawa ya iso, ya yi kyau sosai", alhali ko ƙyalle ba su saya ba. Wasu har kuɗi suke biya a zuba musu mabiya dubu-dubai waɗanda babu mutum a bayansu. Malamai suna da suna ga ɗan'uwan wannan aiki: najashi, wato mutum ya taya kaya ba da niyyar saye ba, sai don a ruɗi na gefe ya ƙara kuɗi. An hana shi tun kasuwar Madina. Haka rantsuwa. Ina ganin bidiyon da a minti ɗaya mai talla zai yi wallahi sau biyar, ya manta hadisin da ya ce rantsuwa tana sa kaya su fita amma tana shafe albarka.

Sai kuma rububin sabon dandali. Da Threads ya fito a watan Yulin 2023, cikin kwana biyar mutum miliyan 100 suka yi rajista, har da samarinmu da suka kwana suna neman mabiya a can, suka bar saƙonnin kwastomomi a WhatsApp babu amsa. Ba laifi ba ne ka kafa rumfa a sabuwar kasuwa, amma ka san rumfar aro ce. Mun ga yadda gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Mu Katsinawa ma mun ɗanɗana abin da ya fi wannan: a Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Jibiya da Batsari da Funtuwa. A watannin nan wanda ya ci gaba da ciniki shi ne wanda mutane suka san shagonsa da ƙafa, suka kuma yarda da shi. Ni har gobe ina da littafi da nake rubuta sunan kowane kwastoma, garinsa da irin abin da yake so.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne masu tallar kansu a madadin kayansu. Saurayi ya jingina da motar aro, ya baza bandir-bandir na kuɗi a kan gado, wai don a ce kasuwa na tafiya. A jihar da muka sha kukan garkuwa da mutane! Kana tsammanin kwastoma kaɗai ke kallo? Ƙanwata, ke kuma da kike sayar da turaren wuta da humra, idan sai kin yi rausaya a TikTok za a kalli kayanki, ki duba su wa ke taruwa a ƙarƙashin bidiyon. Matan da za su sayi humra ba sa cikinsu, kuma bidiyon da ya fita ba ya dawowa, ko kin goge wani ya ajiye.

Abin da ke kawo ciniki ba shi da wahala. Ɗauki hoto a hasken rana, kan tabarma ko tebur, ba tare da ƙarin kwalliya ba. Rubuta farashi a fili, a daina "zo inbos" da ake yi don a auna aljihun mutum kafin a yanka masa kuɗi. In akwai tabo ko zaren da ya zare, nuna shi da yatsa. In ka ce kaya za su isa Daura ranar Laraba, ka kai tasha da wuri, ka tura lambar direba, in an samu tsaiko kai ne za ka fara kira.

Ita yarinyar nan da ta sayar da leshin ban kai maganarta gaban mahaifinta ba, na san abin zai yi masa nauyi. Na sa matata ta kira ta gida. Ta zauna a gefen tabarma tana murza bakin hijabinta, ta ce, "Yaya, wallahi kowa haka yake yi, in ka sa hoton gaskiya ba mai tsayawa." Na buɗe wayata na nuna mata nawa hotunan, da saƙonnin mutanen da suka shekara biyar suna saye a wurina, wasunsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Ta daɗe tana dubawa ba ta ce komai ba. Kuɗin ta mayar da su kashi biyu, na ƙarshe bayan Sallah da mako uku. Ita kuwa mai adashin, da atamfarta ta bara ta je Idi.